Da Wace Waƙa Ake Gwada Lasifika?

Tambayarmu ta wannan mako daga Bagudo ta fito, can Jihar Kebbi, bakin iyakarmu da Jamhuriyar Benin. Mai tambayar ya ce ya daɗe yana tari, har Allah ya nufa wani abokinsa da ke bin hanyar Lolo zuwa kasuwar Malanbil ya samo masa amfilifaya da lasifika biyu, 'yan Kwatano, irin masu akwatin katakon nan da sai mutum ya yi nishi kafin ya ɗaga. Ya haɗa, suka tashi lafiya lau. Ya tara abokai da daddare ya sa musu waƙoƙin da ke cikin wayarsa, sai ɗayansu ya ce shi dai, in ban da ƙara, bai ji abin da suka fi rediyon mai shayin bakin tasha da shi ba. Maganar ta tsaya masa a rai. Shi ne ya rubuto yana cewa: “Baba, kayan ne ba su da kyau ko kuwa waƙoƙin ne? Waɗanne waƙoƙi zan nema, musamman waɗanda murya ta fito sosai a cikinsu, don in nuna wa mutane abin da kayan nan za su iya?”

Ɗana, Allah ya sanya albarka, ya sa a mora. Ka sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Kada kuma ka riƙe abokin naka a zuci, mai yiwuwa abin da kunnensa ya ji ya faɗa. Lasifika mai kyau ba ta iya rufin asiri. Ƙaramar rediyo takan ɓoye aibin waƙa don ita ma rabin sautin take iya fitarwa, babba kuwa duk abin da ka ba ta sai ta baje shi a faifai, mai kyau da maras kyau.

Akwai abubuwa uku da mukan cakuɗa su wuri ɗaya in muna hira. Akwai kyan waƙa, wato fasahar mawaƙi da zaƙin muryarsa. Akwai kyan ɗauka, wato yadda aka naɗi waƙar ranar da aka rera ta: wace irin makirfo aka sa, a wane ɗaki, wa ya zauna a kan na'ura. Sannan akwai kyan kwafin da ya iso hannunka. Waƙa tana iya zama gagaruma amma an ɗauke ta a filin biki da ƙaramar rikoda, iska na kaɗawa, yara na ihu. Tana iya samun kyakkyawar ɗauka, amma kwafin da ke wayarka jikan jikan kaset ne. Mai son nuna kayan sauti sai ya dace da ukun gaba ɗaya, shi ya sa irin waɗannan waƙoƙi ba su da yawa.

Ka yi daidai da ka ambaci murya. Tun kana cikin zanen goyo kunnenka yake sauraren muryar mutane, don haka ba a yi masa wayo a kanta. Gangar da ke cikin fiyano ba wanda ya san yadda ya kamata ta yi amo, tunda a cikin na'ura aka haife ta. Amma in muryar mutum ta fito kamar yana mura, ko kamar ya sa kai cikin randa yana magana, ko yaro ya san da matsala. Masana suna auna kauri da sirantakar sauti da yawan kaɗawar iska a cikin daƙiƙa ɗaya, sunan ma'aunin haz. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga wajen haz 20 zuwa 20,000. Gindin muryar namiji yana tsakanin 85 da 180, na mace tsakanin 165 da 255, amma baƙaƙen da ke rarrabe kalma da kalma suna can sama, cikin dubbai. Ka ga ke nan murya ɗaya tana taɓa ƙasa, ta cika tsakiya, ta leƙa sama. Lasifikar da ta iya da ita ta iya da mafi yawan aiki.

Ga wani labari da ke tabbatar da haka. Lokacin da injiniyoyi a Jamus suke ƙirƙiro MP3, dabarar matse waƙa ta zama ƙarama har ta shiga waya, sun gwada kaɗe-kaɗe iri-iri suna wucewa lafiya. Abin da ya ba jagoransu Karlheinz Brandenburg wahala shi ne wata waƙar Suzanne Vega ta Amurka mai suna Tom's Diner, wadda ta fito a faifanta na 1987. Ba ganga, ba jita, muryar mace ce ita kaɗai. Da aka matse ta sai ta fito a dagule, dole suka koma suna gyara dabararsu suna sake saurare. Murya tsirara ita ta fi ƙarfin na'ura, domin ba kiɗan da kuskure zai laɓe a bayansa.

Mu Hausawa ma muna da wata riba a nan. Harshenmu cike yake da baƙaƙen da lasifika maras kyau take murƙushewa. Ka kasa kunne ka ji: ƙ tana fita da ɗan ɗas ɗinta har ka bambance ƙafa da kafa ba tare da ka yi canke ba? Ɓata da bata fa? Sannan ka saurari s da sh da ts. In suna tsira maka kunne kamar ana zuba ruwa a tafasasshen mai, ko dai ɗaukar ta yi kaifi ko ka cika murɗa makunnin siririn sauti. In kuma sun dushe kamar mawaƙin ba shi da haƙoran gaba, duba ƙaramar lasifikar nan ta sama, mai fitar da siririn amo. A kayan Kwatano sau da yawa ita ce take fara mutuwa, mai sayarwa kuma ba lalle ya sani ba.

To, mu fara daga gida. Ni a wurina ba abin da ya kai Ɗanmaraya Jos daɗin fara gwaji. Mutum ɗaya ne da kuntiginsa, ɗan abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ake yi da gwangwanin kifi a rufe da fata. Ba 'yan amshi, ba taron makaɗa. Tsofaffin ɗaukar irin nasa galibi ta hanya ɗaya aka yi su, abin da ake kira mono, wato sautin da ke fita ta dama shi ne yake fita ta hagu. Wannan ba aibi ba ne wajen gwaji. Ka zauna tsakiyar lasifikan biyu ka rufe ido. In komai daidai yake, za ka ji kamar marigayin yana zaune a gabanka, a tsakiya cak, inda babu lasifika ko ɗaya. In ka ji muryar ta watse, ba ka iya nuna inda take da yatsa, kaurinta kuma ya ragu, to kusan tabbas an juya wayar lasifika ɗaya. Leƙa baya: ja ya tafi ga ja, baƙi ga baƙi, a kowane ɓangare. Na taɓa zuwa gidan wani aminina da ya shekara yana zagin kayansa, har ya sa su a kasuwa, ashe wannan ce kaɗai cutar. Minti biyu muka yi muka gyara, ya fasa sayarwa, ni kuma na rasa arahar da na zo nema.

Daga nan sai Mamman Shata. Shi gwajinsa daban ne, domin kalangu abin kiɗa ne mai magana, yana hawa yana sauka yadda makaɗi ya matsa tsarkiyoyinsa a hammata. Kayan kirki za su bar ka ka ji kalangai suna zancensu, Shata yana nasa a samansu, 'yan amshi suna karɓa a baya, ba wanda ya taka wani. Musa Ɗanƙwairo ya fi wannan ma tsanani. Yadda shi da yaransa suke miƙa wa juna waƙa, wannan ya ɗauko wancan ya ƙarasa, ga kotso yana tafiya, in lasifika ba ta da tsabta sai duk ya zama dambu. In kana iya bin murya ɗaya daga cikin taron har ƙarshen baiti, ka gode wa abokinka na hanyar Lolo. Barmani Choge kuma ita za ka sa don muryar mata da amon ƙwarya. Kifaffiyar ƙwarya a kan ruwa tana da wani kauri mai taushi, wanda lasifikar da ta cika bugu take mayarwa kamar dukan ƙofa.

Sai dai in gaya maka gaskiya, ko da ba za ta yi daɗi ba. Da yawa daga cikin taskar manyan mawaƙanmu ba su samu ɗaukar da ta dace da su ba. Narambaɗa ya rasu tun farkon shekarun 1960, abin da ya rage mana na muryarsa ya biyo ta gidajen rediyo ne da hannun masu sha'awa. Na bayansa ma, waƙoƙi da yawa a fada ko a gidan biki aka naɗe su. Daga nan kaset ya haifi kaset, kowace haihuwa kuma sai an yi asarar wani abu: siririn amo ya ragu, shuu ɗin nan ya ƙaru, wani lokaci ma gudun waƙar ya canja har muryar dattijo ta koma ta saurayi. Irin waɗannan ka saurare su don darajarsu, amma kada ka ɗora wa lasifikarka laifin da aka yi tun ba a haife ka ba. Abin nema shi ne waɗanda aka ɗauka a situdiyo aka buga a faifan garmaho, kamar faya-fayan Shata na kamfanin EMI, ko kwafin da aka ɗauko kai tsaye daga irinsu. In ka ji wani tsoho a Illo ko Ka'oje yana da su a ƙarƙashin gado, je ka gaishe shi da goro.

Waƙoƙin zamani na situdiyon Kano da Kaduna fa? Akwai masu zaƙin murya a cikin yaran nan, ban raina musu ba. Matsalar ita ce yawancin waƙoƙin an gyara su ne don waya da lasifikar Keke Napep. Akan bi muryar da manhajar da ke daidaita karin sauti, har ta riƙa wani santsi irin na ƙarfe. Sannan a danne waƙar duka, a ɗaga wurin da ya yi sanyi a sauke wurin da ya yi ƙarfi, ta zama ƙara ɗaya daga farko har ƙarshe. A cikin hayaniyar kasuwa wannan dabara tana da amfani. A ɗaki kuwa, a kan kaya masu kyau, minti goma ta isa ta gajiyar da kunne. Ina zaton irinsu ka sa wa abokanka.

Yanzu bari mu ɗan tsallaka iyaka, tunda ku mutanen Bagudo tsallakawa ba baƙon abu ba ne a wurinku. A Nijar akwai marigayi Malam Mamman Barka, wanda ya yi suna da gurmi kafin ya je ya koyi biram, wani abin kiɗa mai tsarkiya biyar na Buduma masunta na Tafkin Chadi. Faifansa na 2009 mai suna Introducing Mamane Barka an ɗauke shi da tsabta: murya, biram, da mai kiɗa ɗaya a gefe. Kunnen Bahaushe ba zai yi baƙunta a ciki ba.

In ka bi Kogin Kwara da ya ratsa ƙasarku ka yi ta hawa, ka wuce Gaya, ka wuce Yamai, ka wuce Gao da mashigar Tumbutu, za ka isa Niafunke, garin Ali Farka Toure. A can kamfanin World Circuit na Ingila ya kwashi na'urorinsa ya je ya same shi, aka ɗauki faifan da aka sa wa sunan garin, ya fito a 1999. Na fi son wannan a kan waɗanda ya yi a Turai da Amurka, don kana jin ɗakin da suke ciki, kana jin tafi da ƙwarya kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Ya yi waƙoƙinsa da harshen Songhai, ɗan'uwan Dandanci da Zabarmanci, da kuma Fulatanci, don haka a cikin baƙinka ba za a rasa mai tsintar kalmomi ba. Shi za ka tambaya ko baƙaƙen suna fita. Ta ɓangaren mata kuma ka nemi Moussolou na Oumou Sangare, wanda ta ɗauka a Abijan a 1989 tana da shekara ashirin da ɗaya. Muryarta tana da ƙarfi da tsini, in ta ɗaga ta sama nan ake gane amfilifayar da ke da numfashi da wadda take shaƙewa.

Maƙwabtanku na Benin ma ba a bar su a baya ba. Angelique Kidjo, haifaffiyar Ouidah, ta rera Malaika, tsohuwar waƙar Suwahili, a faifanta Logozo na 1991, da kiɗa ɗan kaɗan, har kana jin inda take jan numfashi. Wani abin sha'awa kuma, shahararriyar ƙungiyar nan ta Poly-Rythmo ta Kwatano, mafi tsabtar waƙoƙinta na shekarun 1970 a situdiyon EMI na Legas aka ɗauke su, a ƙarƙashin wani kamfani mai suna Albarika Store. Ka ji suna kamar na shagon Bahaushe. Wato a da su suna tsallakowa wurinmu neman kyakkyawar ɗauka, yau kai kana tsallakawa wurinsu neman lasifika.

Akwai guda ɗaya da na ajiye maka a ƙarshe. A manyan bukukuwan baje kolin kayan sauti na Turai da Amurka, akwai waƙar Afirka da aka sa har masu zuwa suka haddace ta: Stimela ta Hugh Masekela na Afirka ta Kudu, wadda aka ɗauka a gaban jama'a a wani gidan kiɗa mai suna Blues Alley a birnin Washington a 1993, ta fito a faifan Hope. Labarin jirgin ƙasa ne mai kwasar ma'aikata daga ƙasashe maƙwabta zuwa ramukan haƙar ma'adinai na Johannesburg. Tana kai wajen minti goma. Abin da ya sa ake ji da ita shi ne tazarar da ke tsakanin sanyinta da ƙarfinta: yana farawa da magana ƙasa-ƙasa da kakkaurar murya, a hankali abin yana kumbura, har ya kwaikwayi kukan jirgin da bakinsa, ganguna su fashe gaba ɗaya. Ba a danne ta ba, yadda aka yi ta haka aka bar ta.

Na san wani zai ce ai karatun Alƙur'ani ya fi komai nuna murya. Haka ne. Karatun Shaihu Mahmud Khalil Husari, wanda ya fara naɗe Alƙur'ani cikakke a Masar a 1961, yana fitar da kowane harafi daga mafitarsa, kuma in kana kai kaɗai a natse zai nuna maka tsabtar kayanka. Amma shawarata kada ka mai da shi abin burge baƙi ana shan shayi ana shewa. Karatu yana da ladabinsa.

Saura batun kwafi, kuma a nan akwai kuskuren fahimta da ya yaɗu. Mutane suna cewa waƙa tana lalacewa in an yi ta tura ta daga waya zuwa waya. Wannan halin kaset ne. Fayil ɗin waƙa in ka tura shi ta Xender ko ka kwafa a memori, yadda yake haka zai isa, ko sau ɗari ne. Inda ake ɓarnar shi ne wurin matsewa: a ciro sauti daga bidiyon da aka riga aka matse, ko a ƙanƙanta waƙa don memori ya ɗauki dubu, ko a kara waya a bakin rediyo a naɗa. Faifan CD yana zubo bayanai kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa. MP3 na gama-gari 128 ne, mai kyau 320. Ga hanya mai sauƙi ta ganewa: duba nauyin fayil. Waƙar minti biyar in ta kai wajen megabait 12, mai 320 ce. In wajen 5 ce, mai 128 ce, ba laifi. In ba ta fi 2 ba, bar ta a waya. Akwai kuma nau'in da ake kira FLAC, wanda ba ya zubar da komai daga abin da ke CD, sai dai ya fi cin wuri. In ka je wurin masu tura waƙoƙi, ka ce babban fayil kake so, kuma ka saurara kafin ka biya, don ana iya hura ƙaramin fayil ya yi nauyi, amma abin da aka zubar ba ya dawowa. Ranar gwaji ka haɗa wayarka da amfilifaya da igiya, Bluetooth yakan sake matse sautin a hanya.

Ɗakin ma yana da nasa hannu. Siminti tsirara da rufin kwano ba silin suna mayar da sauti, murya ta riƙa karo da kanta. Tafa hannu sau ɗaya a tsakar ɗakin. In ka ji tafin ya yi wutsiya, shimfiɗa darduma ko tabarmi, rataya labule mai kauri. Ka janyo lasifikan daga lungu, ka ba su kamar kamu ɗaya daga bango, ka ɗaga su daidai kunnen mai zama, tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tazarar da ke tsakaninka da kowace. Makunnan kauri da siriri ka mayar da su tsakiya. Lambobin wat dubu kaza da ake rubutawa a kwali kada su ɗauke maka hankali, wanda aka rubuta RMS a gefensa shi ne na gaskiya. In da janareta kake aiki, nisanta shi da taga, ka kuma sa sitabilaiza, tunda wasu kayan Kwatanon tsofaffi ne, ba sa jure hawa da saukar wuta.

In ka sake tara su, ka fara da abin da kowa ya sani, Ɗanmaraya ko Shata, a madaidaicin ƙarfi irin wanda mutum zai yi magana da na kusa da shi ba tare da ɗaga murya ba. Ka zaunar da abokin nan mai maganar rediyon mai shayi a tsakiya, kada ka ce masa komai. Waƙa huɗu ko biyar sun isa, kunne yana ƙoshi kamar ciki. Stimela ita ce ta rufe taro, amma ka kula: farkonta sanyi gare shi, hannu zai so ya ƙara murya. Kada ka biye masa. In jirgin nan ya yi kuka alhali ka murɗe makunni, sai maƙwabta sun fito da fitila suna tambayar yaushe aka kawo layin dogo Bagudo.